Kwana biyun farko a Santambul: saƙo ga ƙanena da amaryarsa kafin su taso daga Tawa

Ƙanena, gaisuwa mai yawa gare ka da amarya, da fatan mutanen gida duk suna lafiya. Tun da biza ta fito kuma kun tsai da ranar tasowa, ga abin da ya kamata ku sani game da kwana biyun farko, don a cikinsu ne baƙo ya fi zubar da kuɗi, tun bai gane gabas ba balle farashi.

A Tawa da Yamai ƙarfin mutum ne mai araha, na'ura ce mai tsada. Ɗan dako, tela, mai wanki, ɗan kabu-kabu, da ƴan canji za su biya maka buƙata. A Santambul, wato Istanbul, an kifa ƙwaryar. Jirgin ƙasa, jirgin ruwa, wutar lantarki, ruwan zafi, suna nan kullum kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Amma duk abin da ɗan Adam zai ɗaga hannu ya yi maka kai kaɗai, sai ka ji shi a aljihu.

Mu fara da akwati. Kilishi da cuku su zauna gida, ko wa ya ba ku saƙo. Dokar Turkiyya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara, idan ƴan duwan suka gani karɓewa za su yi. Yaji kuwa ku ɗauro, a roba mai murfi, za ku gode mini. Sefa ma ba ta da amfani a nan, babu mai canjin da zai karɓe ta. Ku canza tun a Yamai zuwa yuro ko dalar Amurka, takardu masu tsabta, ba yagaggu ba, ba masu rubutun biro ba. Yuro ya fi sauƙin lissafi saboda a ɗaure yake da sefa: yuro ɗaya kusan sefa 656, wato yuro 100 ya kusa jaka 66. Ku raba kuɗin gida biyu, rabi wurinka, rabi wurin amarya. Fasfo, katin rigakafin shawara, takardar otel da tikitin komawa su kasance a jakar hannu, tare da takardar aure, tun da sunan mahaifinka da nata ba ɗaya ba ne. Ba kasafai ake tambayarta ba, amma ba ta da nauyi. Cajar salularku ta gida tana shiga bangon nan ba tare da wani ƙari ba.

Daga Tawa ku taso da tazarar kwana guda. Kilomita wajen 550 ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso ba hanyar da za a yi wa alkawarin lokaci ba ce. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa nan wajen awa shida ne idan jirgin bai biya ta wani gari ba, kuma agogon nan yana gaba da na gida da awa biyu, rani da damina.

Filin jirgin da za ku sauka sabo ne, a 2018 aka buɗe shi, kuma girmansa ne matsalarsa. Daga ƙofar jirgi zuwa wurin buga fasfo za ku iya yin tafiyar minti ashirin a ƙasa, don haka amarya ta ajiye takalmin biki, ta sa mai taushi. Akwai matakala masu tafiya da kansu ko'ina, a nan da cikin tashoshin gari. Ta tattare bakin abayarta ko zanenta da hannu ɗaya kafin ta taka, domin haƙoran matakalar suna cafke tufa mai jan ƙasa. A tsaya ta dama, hagu ta masu sauri ce. Masu canjin cikin filin jirgi farashinsu ya fi na gari muni, ku canza abin da zai kai ku otel kawai, kamar yuro 30 ko 40. Sauran sai cikin gari, a shagunan da aka rubuta wa Döviz, inda allo ke nuna farashin saye da na sayarwa. Ba zan rubuta muku farashin komai da lira ba, saboda lira tana zubewa, abin da na faɗa yau kafin ku iso ya zama ƙarya. Ranar da kuka yi canji, ka lissafa sefa nawa ke cikin lira ɗaya, ka riƙe wannan adadin a ka, da shi za ka auna komai. Takarda mafi girma ita ce ta lira 200, saboda haka kada damin da za a miƙo maka ya ruɗe ka.

Tsakanin filin jirgi da tsohon gari akwai wajen kilomita 40, kuma hanya uku ce. Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba M11 shi ne mafi araha da sauri, cikin kusan rabin awa ya kai tashar Gayrettepe, amma daga can sai an canza zuwa wani jirgin, M2, ta dogayen lunguna. Mutum biyu da akwati huɗu bayan kwanan zaune, ban ba ku shawara ba. Motocin Havaist su ne daidai ku: kamar kar ɗin Yamai zuwa Tawa, a sa kaya a ƙasa, a ba ka ƴar takardar shaida, kowa da kujerarsa, su sauke ku unguwar Aksaray ko Taksim cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, gwargwadon cunkoso. Ta uku taksi. A Yamai ka saba tsai da mai jan kai, ka faɗi unguwa, a haɗa ka da mutum uku, ko ku yi ciniki idan kurs kake so. A nan taksi naka ne kai kaɗai, mita ke yanke kuɗi, ana kuma ɗora kuɗin babbar hanya ko gada a kai. Rawaya ita ce ta talaka, mai ruwan shuɗi-kore da baƙa sun fi tsada. Ka bi layin taksi na hukuma a bakin ƙofa. Wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa yana da mota, ka wuce shi. Idan an tashi ka ga mita a kashe, ka nuna ta da yatsa ka ce taksimetre. Wajen biya, ka ɗaga takardar ka faɗi adadinta da baki kafin ka miƙa, don akwai masu saurin hannu da ke musanya ta hamsin da ta biyar su ce kai ne ka yi kuskure.

Tun a filin jirgi ku sayi Istanbulkart a injinan da ke bakin tashar jirgin ƙasa. Kati ne da ake zuba wa kuɗi kamar yadda ake sa wa salula, shi ke buɗe ƙofar jirgin ƙasa, taragon kan titi, bas, jirgin ruwa, har da wasu bayukan gwamnati. Kati ɗaya yana iya shigar da mutum biyu, amma ku sayi biyu. Ranar da turereniya ta raba ku, ɗaya ya shige ɗaya ya rage a waje, za ku gane dalili. Ku kuma yi yarjejeniya tun yanzu: idan ƙofa ta rufe tsakaninku, wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya cak, wanda ya rage ya biyo jirgi na gaba. Tazararsu ƴan mintoci ce. Injin zuba kuɗi ba ya ba da canji, abin da ka saka duka yake haɗiyewa ya mai da shi cikin katin.

Layin waya a nan ba irin na bakin titi ba ne. Kamfanoni uku ne, Turkcell, Vodafone da Türk Telekom, sai da fasfo, kuma na baƙi ya ninka abin da ka saba biya sau da yawa, na filin jirgi ya fi kowanne. Layi ɗaya ya ishe ku, ɗayan ya jona da shi, otel kuma akwai intanet. WhatsApp ɗinku na lambar gida zai ci gaba da aiki. Ku kashe intanet na layin Nijar tun kafin jirgi ya sauka, in ba haka ba kuɗin da ke ciki ya ƙone kafin ku ɗauki kaya.

Otel ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu na rana. Idan kun iso da safe, ku bar kaya wurin masu karɓar baƙi, ku karɓi katin otel mai adireshi guda biyu, kowa ya sa ɗaya a aljihu. Ɗakunan tsohon gari ƙanana ne, wani da kyar za a shimfiɗa darduma a gefen gado, kuma tsofaffin gidaje da yawa hawa ake da ƙafa har bene na huɗu. Katin buɗe ƙofa shi ne na wuta: sai ka zura shi a ramin da ke bango fitila ta kama, ka zare komai ya mutu, har cajin da ka bari. Abin da ke cikin ƙaramin firji na sayarwa ne, da tsada. Wankin otel ana lissafa shi riga-riga, kuɗin wanke kaftani ɗaya sai ya yi wankin mako a Tawa, don haka ku zo da ɗan sabulu. Game da unguwa, ni dai ina ganin duk inda ke kusa da layin tarago T1 ya fi: Sirkeci, Sultanahmet, Laleli. Taksim akwai haske da kaɗe-kaɗe har asuba, bai dace da mai son barci da sallar asuba a masallaci ba.

Buta babu. A bakin masai ta baya akwai ɗan bututu, makunninsa yana jikin bango ta gefe, shi ne na tsarki, a murɗa shi a hankali. Sai wata ƴar magana da za ta ba ku dariya amma ta sha kunyata Bahaushe: idan ka ga an rubuta Bayan a ƙofar bayi, ba bayan gida ake nufi ba, na mata ne. Na maza Bay ne, ko Erkek, na mata kuma wani lokaci Kadın. Haruffansu ma da ɗan bambanci. C tasu ita ce j tamu, shi ya sa Cami, wato masallaci, ake karanta shi jami. Ç mai wutsiya ita ce c tamu, ş kuma sh. Giriş shiga, Çıkış fita. Faransanci ba ya aiki a nan sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma za ku ji kalmomin da kunne ya sani: hesap lissafin abinci, saat lokaci, sabun sabulu. Idan kun wuce mai aiki ku ce kolay gelsin, ita ce sannu da aikinsu, fuska tana sakewa nan take.

Ruwan famfo ana wanka da alwala da shi, amma ƴan gari kansu na gora suke sha. Ruwan leda babu. Kada ku saya a bakin wuraren yawon buɗe ido, ku nemi BİM, A101 ko Şok, kantuna ne da ke kusan kowane lungu, farashi a rubuce, ba ciniki, ba bashi, ledar zuba kaya ma saye ake tun 2019. Gorar lita biyar a can ba ta fi kuɗin ƙananan biyu a bakin masallaci ba.

Abinci ne inda amarya za ta fi jin baƙunta. Karin safe na otel zaitun ne, farin cuku mai gishiri, tumatir, kokwamba, dafaffen ƙwai, zuma da burodi. Ba kunu, ba ƙosai. Shayinsu baƙi ne, daga yankin Rize, a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ba kumfa, ba zagaye uku, sukari a gefe. Farin abin da za ku gani a kofi kamar nono, ayran ne, gishiri ke ciki ba sukari ba, wanda ya kurɓa da niyyar fura sai ya ɓata fuska, amma bayan kwana uku da nama ya fi komai. A titi akwai jajayen kekuna masu sai da simit, burodi ne kamar awarwaro da riɗi a jiki, shi ne abin toshe yunwa mafi araha. Don cin rana, ku nemi lokanta irin ta ma'aikata, inda tukwane ke jere bayan gilashi kana nunawa da yatsa: miyar mercimek, wani irin ƙaramin wake, sai shinkafa da wake da suke kira pilav da kuru fasulye, kaza da dankali. Gidan abincin da ya ajiye mutum a ƙofa yana kiran ka da “ɗan'uwa”, kuɗin wannan mutumin yana cikin farantinka. Doka ta ce a kafa farashi a bakin ƙofa, ku karanta kafin ku zauna, kuma ƙananan farantan da za a jera muku ba ku nema ba, ku tambaya ko na kuɗi ne. Nama halal ne kusan ko'ina, sai dai tsada. Ɗan Adar da ya saba da balangu a takarda zai ga abin da aka yayyanka masa a döner, gasasshen namansu da ke juyawa a tsaye, ya yi tsaki. Barkononsu, pul biber, ƙamshi ne da launi, a nan yajin gida zai yi rana. Inda suka fi mu shi ne kayan itace a lokacinsu: inabi da ɓaure a ƙarshen zafi, rumman da lemo da sanyi. Mangwaro kuwa ɗaya-ɗaya ake sai da shi kamar turare. Hatsi da goro sai a shagunan ƴan Afirka na Kumkapı da Aksaray.

Ranar farko kada ku cika wa kanku. Ku hau T1 ku sauka Sultanahmet. Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida da Aya Sofiya suna kallon juna, fili ne kawai a tsakani. Aya Sofiya an gama ta a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, ta koma gidan tarihi, aka sake mai da ita masallaci a 2020. Tun Janairun 2024 baƙo mai kallo yana biyan yuro 25 ya hau bene, wato sama da jaka 16 kowane mutum, mai salla kuwa ƙofarsa daban. Ku ɗauki ledar takalmi a bakin ƙofa ku shiga da abinku. Mutanen nan Hanafawa ne, mu Malikawa, saboda haka za ka ga liman ya yi sallama biyu, ba a ɗaga murya da amin, ba a ƙunuti da asuba, bayan salla ladan ne ke jan tasbihi. Wurin mata yana baya ko a gefe, ku sa alamar ƙofar da za ku haɗu. Lokutan salla ma suna yawo fiye da na gida: a Yuni magariba tana kaiwa tara saura, a Disamba kafin shida an yi, rana kuma ba ta fitowa sai bayan takwas. Fadar Topkapı, inda aka ajiye kayan tarihin Manzon Allah (SAW), tana bayan Aya Sofiya, a rufe take ranar Talata, kuma tana cin rabin yini, ku ware mata ranarta.

Da la'asar ku gangara Eminönü ku shiga jirgin ruwan Üsküdar ko Kadıköy da katin nan naku. Yamai gada uku gare ta a kan Isa, Bosforus ma, mashigin tekun da ya raba garin nan biyu, gada uku ne, na 1973, 1988 da 2016, amma a nan masu ƙafa da yawa ta ruwa suke ƙetarawa, ko ta Marmaray, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku tun 2013. Cikin minti ashirin kun bar Turai kun shiga Asiya. Ku hau sama ku zauna a bencin waje ta baya. Mai shayi zai zo da faranti, tsuntsayen teku za su biyo jirgin suna cafke gutsuren simit a iska, hasumiyoyin masallacin Süleymaniye suna ja da baya. Masu tallar yawon teku a bakin gaɓa za su nemi ninkin wannan kuɗin sau goma ko fiye, ruwan kuma ɗaya ne. Iskar tana da sanyi ko da zafi ake, amarya ta riƙo mayafi mai kauri.

Rana ta biyu ta kasuwa ce, amma ta kallo. Kapalıçarşı, babbar kasuwar rufi, shaguna wajen 4,000 ne, tana rufe ranar Lahadi, ranar da ta Tawa ke ci. A can ciniki halal ne kamar Babbar Kasuwar Yamai, kuma shayin da za a ba ku bai wajabta muku saye ba. Sai dai farashin farko na baƙi ne. Ku fita ta baya ku gangara Mahmutpaşa da Tahtakale, inda ƴan gari ke sayen tufafi da kayan gida, za ku ga abu iri ɗaya ya sauko. A kantuna irin LC Waikiki da DeFacto kuwa abin da ke jikin takarda shi ne, neman ragi kunya ce kawai. Laleli da Merter na ƴan sari ne, seri suke sayarwa, wato samfuri ɗaya a duk girmansa, ba za su ɓalle maka ɗaya ba. Tawul, zanen gado, labule, abaya, takalma da kayan yara sun fi na gida kyau a kuɗinsu. Shadda da atamfa kada ku nema, kuma ɗinki a auna mutum aikin masu hali ne, rage tsawon wando kaɗai ya kusa kuɗin ɗinkin riga a Tawa. Idan zinariya amarya ke so, ta tambayi ayar, wato ma'aunin tsabtar zinariyar, 22 ko 14, a auna a gabanta, a faɗa mata kuɗin giram daban, kuɗin ƙira daban, a ba ta rasit. Kafin ku sayi abu mai nauyi ku duba kilo nawa tikitinku ya yarda. Abin da ya haura, masu kargo na Aksaray da Laleli suna aikawa Yamai a kan kilo, ku rubuta abin da ke cikin kowane ƙunshi, ku ɗauki hotonsa da na rasit, ku tambaya ko kuɗin duwan yana ciki.

Fasfo ya kasance a jikinku kullum, a aljihun ciki, don ƴan sanda suna tsai da baƙi su duba takardu, musamman wajen Aksaray da Fatih. A tarago jaka ta dawo gaba. Idan mai goge takalmi ya yar da burushinsa a gabanka, ka bar masa abinsa a ƙasa: ka ɗauka, zai goge maka takalmi don godiya, sannan ya nemi kuɗi. Wanda ya tare ka da fara'a ya ce ku je ya nuna maka wani wurin shaƙatawa, a Tawa mutumin kirki ne, a Taksim ka ce masa sauri kake.

Kantin magani Eczane ne, da jan harafin E. Da dare da ranar Lahadi akwai na gadi, nöbetçi, kamar yadda ake yi a Yamai, ana manna sunansa a ƙofar waɗanda suka rufe. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a ba da shi sai da takardar likita, kuma asibitin kuɗi yana da tsada ga baƙo, don haka takardar inshorar tafiya ta zauna tare da fasfo. Ku zo da maganin zazzaɓin sauro daga gida, a kwalinsa. Cutar tana iya kwanciya a jiki ta tashi bayan kun iso, likitan nan kuma ba ita zai fara zato ba. Idan ɗayanku ya yi zazzaɓi, ku gaya masa daga Nijar kuke, ku ce sıtma, a yi gwajin jini a ranar. Lambar gaggawa 112 ce.

Ka turo mini lambar jirgin da sunan otel ɗin. Ka kuma gaya wa Inna cewa idan ta idar da isha'i ta kira ku, a nan dare ya riga ya yi nisa, gara ta kira bayan azahar. A gaida ta, da su Baba, da duk yaran gida.